Ranar da Na Yi wa Kawu Tafinta

Laifina ɗaya ne: karin maganar Ingilishi na haddace, na bar Ingilishin kansa. Na cika garinmu Dogon Dutsi da cewa na fi malaminmu. Kawu ya ce in na yi masa tafinta da baƙonsa, mai sayen wake daga Gana, da ni za a Kumasi.

Baƙon ya tambaye ni, ban kama ko kalma ba. Na gyara murya, na sanar da shi da karin maganar Ingilishi cewa ana ruwan kyanwoyi da karnuka. Rana kuwa tana gasa mu.

Ya dubi sama, ya ce da Hausa, “Alhaji, yaron nan lafiya?”

Kawu ya tafi shi kaɗai. Har yau in hadari ya taso, Inna kan ce, “Tafinta, shigo kada kare ya faɗo ma.”