Ranar da Na Ce a Sauke Inji

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a na sayi tsohuwar mota, na naɗa kaina bakanike. Muna shiga Ƙaura daga Shinkafi ta ɗauki zafi. Na leƙa, na yanke hukunci gaban jama'a: "Gaskit ya ƙone, sai an sauke inji!"

Malam Sani bakanike bai yi musu ba. Ya taɓa tiyon lagireto, sanyi ƙalau. Ya ciro tamostat, ɗan ƙarfen da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya yi zafi, ya tsoma a kofin tafasasshen ruwan wani mai shayi da ke gefe.

"Alhaji, da lahiyatai da ya buɗe. Shi ya hana ruwa yawo."

Kafin La'asar ya gama. Gwani ke nan!

Har yau in na zauna teburin mai shayin nan, sai ya ce, "Injiniya, a zuba madara ko a sauke inji?"