Yadda Gaisuwa Ta Cinye Tambayar Hajiya

Ko zan manta komai na zamana a Lyon, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Villeurbanne, da ke gefen birnin, ba, ranar da aka ba ni minti biyu in yi magana a gaban jama'a, na kashe su a banza.

Lokacin ban daɗe da gama karatun injiniya ba. Na samu aiki, na samu takardar zama ɗan ƙasa, ga shi 'yan uwanmu 'yan Nijar na unguwar sun naɗa ni sakataren ƙungiya. Kaina ya kumbura sosai. Ana shirin zaɓen kanton, wato na waɗanda za su zauna a majalisar departema, wadda ke kula da makarantun kolej da hanyoyi da taimakon tsofaffi. Ni dai ban ɗauki zaɓen a bakin komai ba. Mu da muka taso a Damagaram, inda mai neman kansila ma sai ya yi maka alkawarin filin jirgin sama, ina mu ina masu gardama a kan abincin rana na 'yan makaranta?

Hajiya Rabi ce ta kai ni taron. Ita da mijinta Baba Isufu 'yan Tawa ne, sun riga mu zuwa Faransa da shekaru masu yawa, kuma babu ɗalibin Nijar a garin da bai ci tuwonta ba (ni kam na ci har na saba da ƙari). Baba Isufu ya yi aikin masana'anta har ƙarfinsa ya ƙare, sannan shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Hajiya ita kaɗai ke ɗaga shi, ta yi masa wanka, ta mayar da shi gado, har bayanta ya fara hana ta ruku'u.

Ni na cika mata dosiye, wato takardun neman mai taimako da zai riƙa zuwa gida. Da wasiƙa ta zo daga ofis, a tsaye na duba ta ina sauri in kama tram, jirgin ƙasan cikin gari. Na leƙa layin farko na ce, "Hajiya, sanarwa ce kawai cewa sun karɓa. Sai haƙuri." Ta yi haƙurin wata biyu, shiru kake ji. Da ta ji 'yan takara za su zauna da mutanen unguwa, sai ta ce min, "Injiniya, kai ke da faransanci. Ka tambayam mini su mi ya riƙe wanga dosiye. Shi ke nan buƙatata."

Na ce ta kwantar da hankalinta. Na kwana uku ina rubuta jawabi.

A zauren wasanni na wata makaranta aka yi taron. 'Yan takara uku a kan teburi ɗaya, babu makaɗa, babu rabon atamfa, ruwa ne kawai a kofin roba. Na farko ya ce shi hanyoyi ne a gabansa. Na biyu ya yi ta bayani a kan rufin wata kolej da ke yoyo. Ta uku wata gajeruwar mata ce mai furfura, tsohuwar ma'aikaciyar asibiti, ta ce abin da ya dame ta shi ne tsoho ya ƙarasa kwanansa a ɗakinsa ba tare da matarsa ta karye wajen jinya ba. Hajiya ta zungure ni da gwiwar hannu. Ni kuwa ina can ina bitar takardata.

Aka ce kowane mai tambaya minti biyu ne nasa. Wani dattijo a gefe ya ajiye ɗan agogon nan na kicin da ake dafa ƙwai da shi. Na yi murmushi, don a tunanina ai ba za a katse mutum mai babbar riga ba.

Na karɓi mikro na fara yadda aka rene ni. Na gai da shugaban taro. Na gai da 'yan takara ɗaya bayan ɗaya, da sunansu da muƙaminsu. Na tambaye su gajiyar yawon neman ƙuri'a, na tambayi iyali, na tambayi yadda suke fama da sanyi. Mai hanyoyi ya ruɗe har ya amsa da "Lafiya lau, na gode," abin da ya ƙara min ƙarfin gwiwa. Na miƙa gaisuwar ƙungiyarmu, na shiga tarihin zumuncin ƙasashenmu biyu. Na numfasa, na ce, "Bayan haka..."

Agogon ƙwai ya yi ƙara.

Dattijon nan ya zo da fara'arsa ya zare mikro daga hannuna. Wasu suka tafa, don sun zaci gaisuwar ce kawai ta kawo ni. Wata mata a bayana ta ce da ƙawarta, "Kai, mutumin nan akwai ladabi." Na zauna, na kasa kallon gefen da Hajiya take.

Ban ankara ba sai na ga ta miƙe tana dafa kujera. Ba ta jira mikro ba. Da ɗan faransancinta na kasuwa ta ce, "Madam. Mijina ba ya tashi. Ni ke ɗaga shi. Bayana ya ƙare. Wa zai zo?" Ta ƙara da cewa, "Ba ni da katin zaɓe."

Matar nan mai furfura ta sauko daga kan mumbari ta zo har wurinmu. Ta ce, "Katin zaɓe ba ya cikin maganar nan. Kina da wata takarda?" Hajiya ta zaro wasiƙar daga jakarta. Matar ta sa gilashi ta karanta har ƙasa, ta juya bayanta (ni ban ma san da rubutu a bayan ba). Ta ce ofis ba su ƙi ba, takarda ɗaya ce ta rage a dosiyen, sun rubuto tun tuni suna jiran a kai musu. Ba ta yi alkawarin komai ba. Ta rubuta sunan takardar da ranar da ma'aikaciyar ofishin ke ganin mutane, ta ce a je da safe kafin layi ya yi tsawo. Sannan ta tambaya a hankali, "Babu wanda ya karanta miki ita?"

Na buɗe baki, amma Hajiya ta riga ni. Ta ce, "Ni na aje ta cikin akwati, ban gwada ma kowa ba."

Wallahi da ta nuna ni da yatsa a gaban zauren da ya fi min sauƙi. Wata biyu tana ɗaga namiji da bayan da ke ciwo saboda gaggawata, kuma ita ce ta rufa min asiri.

A cikin tram na fara ba ta haƙuri, ta ɗaga min hannu. Ta ce, "Gaisuwarka ta yi kyau, Injiniya, iyayenka sun yi tarbiyya. Sai dai gaisuwa ba ta tada mutum daga gado. Litinin ka zo ka kai ni."

Litinin na nemi izini a wurin aiki na kai ta. Ba a jima ba wani ma'aikaci ya fara zuwa da safe yana ɗaga Baba Isufu. Ranar zaɓe na yi sammako na jefa wa mai furfura ƙuri'ata, ina jin kamar ta Hajiya ce aka ba ni aro.

Tun daga nan in aka miƙo min wasiƙar wani, zama nake yi in karanta har bayanta. In kuma aka ba ni mikro, tambaya nake fara yi. Wanda ke son jin ina gajiya, ya same ni a bakin ƙofa bayan an tashi.