Ruwan Ramin Kwal Ya Zo Umra

Jama'a, jiya saura ƙiris in yi shahada a gaban firij, kuma ba a kan wani abin kirki ba. Na dawo gida Ka'akiyya daga shagona na dabino da ke Aziziyya, duk a nan Makka, rana ta gasa ni, na ga wata gora da ruwa ja-ja kamar na tsamiya. Na yi bisimilla na kurɓa. Sai na ji kamar na tsotsi tsohuwar ƙusa.

Khalida matata ta leƙo ta ce, "Malam, saƙon Yaya Kabira ne fa, Zali ya kawo. Na ɗauka jiƙo ne, na sa ya yi sanyi."

Yaya Kabira ita nake bi, tana can gida Nijeriya. Zali maƙwabcinta ne, ya zo umra. Abin da ke cikin gorar kuwa ruwan rafin garinmu ne, ta aiko in gani da idona, don gani ya kori ji. Ni har da ɗanɗano na ƙara.

A saman garinmu akwai ramin da aka daɗe ana haƙar kwal, aka rufe shi shekara shida da suka wuce. Ranar rufewa manya suka zo da jiniya. Aka ce za a cike ramin, a dasa itatuwa, kuma doka ta ce duk wata a ɗebi ruwan da ke fita ta bakin bututu ya shiga rafi, a auna shi, a rubuta sakamako. Itatuwa dai an dasa bakwai a gaban kyamara, awaki suka ƙarasa aikin. Yanzu su ma awakin sun soma bin itatuwan, na Yaya huɗu sun mutu. Lambun albasarta ya ƙone, jikokinta na ta susa. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Yau da hantsi Zali na zaune a shagona sai ya taɓa ni. "Alhaji, ka ga mai farar jallabiyar can? Shi ke da alhakin awon ruwan nan. Umrarsa ta uku ke nan a bana."

Masha Allah. Ina ruwan bawan Allah mai son ibada. Tsakanin ofishinsa da ramin kwal tafiyar awa biyu ce, bai samu sukuni ba, amma Makka kamar bayan ɗakinsa.

Da ya shigo shagon, na russuna na ce, "Ranka ya daɗe, Sarkin Awo, Garkuwan Bututu, ya ruwan garinmu?"

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Rahoto saba'in da biyu, babu wanda ya nuna matsala."

"A ina ake ɗibar ruwan, ranka ya daɗe?"

"Hanyar ramin ta lalace, motarmu ba ta shiga. Muna ɗiba a wuri mafi kusa."

"Kusa da ramin?"

"Kusa da ofis."

Ashe famfon ofishinsu ake aunawa shekara shida. Ku yaba wa famfon nan, jama'a, bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba.

Na ce, "To awakin da suka mutu fa?"

Ya ce an kafa kwamiti, kuma kwamitin na jiran a kawo masa ƙorafi a rubuce daga waɗanda abin ya shafa. Zali ya ce waɗanda abin ya fi shafa an riga an binne su, kuma ko da ransu ba su iya rubutu ba.

Sarkin Awo bai yi dariya ba. Ya ɗauki dabino ɗaya ya jujjuya, ya ce, "Da wane ruwa kuke wanke wannan? Ni ba na wasa da cikina."

Na kira Yaya na ba ta labari. Ta ce ta riga ta kai sauran awakin wurin ɗiyarta a wani ƙauye, albasa kuwa bana ta haƙura. Ruwan sha sai ta aika rijiya mai nisa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai dai mai rahoto ya ce rufin lafiya lau.

Af, kafin Sarkin Awo ya bar shagon ya roƙe ni addu'a, wai mu maƙwabtan Harami bakinmu na da albarka. Ban yi masa rowa ba. Na roƙa masa tsawon rai da ritaya cikin mutunci, da katafaren gida a garinmu, ƙofarsa na kallon rafi. Ya shafa, ya ce amin.