Dankalin Turawa

Likita ta hana ni tuwo da shinkafa saboda ƙiba ta yi wa gwiwoyina yawa, don har salla a zaune nake yi. Da farko na ragu, daga baya sikeli ya kafe wata da watanni. Ni kuwa kullum ina kasuwar Farin Gada ina cika kwando da dankalin Turawa, har ina ba maƙwabta shawara. Hujjata tun ina 'yar sakandare ita ce matan Turawan kamfanin kuza duk sirara ne.

Da na yi wa likita bayani, sai da ta cire tabarau ta share hawayen dariya. Ta ce, "Hajiya, ai shi ma tuwo ne, kwat kawai ya sa."

Na bar dankali, yanzu alhamdu lillahi a tsaye nake salla. Amma ko jiya maigidan ya leƙo kicin ya ce, "Baturiya, yau me za mu ci mu rame?"