Jitar Nababa da Injin da Ke Hanya

Akwai wata cuta da ke kama manya a ƙasar nan, wadda ba a sayar da maganinta a kemis. Kunne ne ke toshewa ga magana, ya buɗe ga kiɗa. Ka faɗa wa babba damuwarka a tsaye, ba zai ji ba. Ka durƙusa ka faɗa, ba zai ji ba. Yau a kan wannan cuta zan yi magana, da abin da ta jawo wa wasu.

Jiya da hantsi ina tsaye a layin mai a hanyar Bagwai, jarka a hannu, rana tana dukan ƙeyata, gwiwa tana tuna mini shekaruna. Wani mai adaidaita sahu a gabana ya kunna waya, sai na ji muryar maƙwabcina Nababa tana tashi daga ciki. Kafin in ankara rabin layin ya ɗauki amshi. Mai adaidaitar ya waiwayo ya ce, "Baba, ka san waƙar nan?"

Na ce, "Ɗan nan, a bayan katangata aka haife ta. Ni na sha naƙudarta."

Nababa manomin rani ne, magidanci, furfura ta fara leƙa gemunsa. Lokacin neman ƙuri'a, Mai Girma Inuwar Talakawa, wanda ba zan faɗi sunansa ba don ina son in mutu a ɗakina, ya zo fadamarmu ya dafa ƙirji ya ce babban injin ban ruwa na nan tafe. Nababa ya gaskata. Ya faɗaɗa fage, ya dasa albasar da ƙarfin mutum ɗaya ba zai shayar ba. Abincin gidansa na shekara ke nan ya binne a ƙasa. Inji bai zo ba. Kullum yana bakin rijiya da guga, ya shayar da gefe ɗaya, ɗaya gefen ya sunkuyar da kai. Duk wanda ya tambayi Abdulrashid, wato mai riƙe wa Mai Girma jaka, amsa ɗaya ce: "Yana hanya."

Ran nan sai ga mota da ƙura. Muka fito muna hamdala. Abdulrashid ya buɗe bayan mota ya fito da tallafin manoma: jita guda ɗaya, gurmin Turawa mai tsirkiya shida. Mun roƙi ruwa, aka kawo mana kiɗa. Allah ya saka wa manya, ai sun fi mu sanin abin da muke bukata.

Abdulrashid ya ce Mai Girma ya je ƙasar waje ya ga mutum ɗaya yana kiɗa yana waƙa lokaci guda, ba makaɗa, ba 'yan amshi, ya ce wannan shi ne ci-gaba. Kuma zai zo garinmu bikin buɗe allo. Ba injin ba, ku fahimce ni, allon da aka zana hoton injin a jiki. Da yake Nababa ya yi suna da murya a waƙar gayya tun yana saurayi, shi aka miƙa wa jitar.

"Malam Nababa, hannu da baki a tare, ka ji ko? In ka burge Mai Girma, ranar da inji ya iso fagenka zai fara sha. In ka ba mu kunya, kai da gugarka har abada."

Ya zaunar da shi ya biya masa baitocin yabo: Garkuwar Marasa Galihu, Hasken Karkara, Jagoran Sauyi Mai Ɗorewa, da wasu sunaye da ko raƙumi aka ɗora wa sai ya durƙusa.

Daga ranar na rasa hutun la'asar. Nababa zai dawo daga fadama, kafaɗa a sage, ya zauna a gindin katangata. Hannu kaɗai, ya fara kamawa. Baki kaɗai, ba laifi. Amma da ya buɗe baki ya ce "Garkuwar," sai hannu ya tsaya cak kamar an kira shi a kotu. Da hannu ya motsa, sai baki ya manta ko Garkuwar su wa ne.

Na leƙa ta katanga na ce, "Nababa, ka ji tsoron Allah. Da gemunka? Akuyata ta daina cin dusa."

Ya ce, "Baba, albasata nake wa. In na ajiye abin nan, me zan ba yara da damina?"

Na koma na zauna. Amma a raina na ce, ashe ciwon manyanmu ne ya kama shi. Su ma in bakinsu na aiki hannunsu a tsaye yake, in kuwa ka ji bakin ya yi shiru, to hannun ya shiga wani wuri.

Matarsa Hure ce ta gano bakin zaren. Ina jin ta tana tankaɗe ta ce, "Malam, kai fa tunani ke kayar da kai. Ni ina daka ina waƙa, ban taɓa tambayar taɓarya inda za ta sauka ba. Ka bar sunayen nan masu nauyi tukuna. Ka yi da abin da kake gunguni a bakin rijiya, wanda ko cikin barci kana yin sa. In hannu ya saba, sai ka sauya kalmomi."

Ya gwada. Wallahi sai abu ya zauna daram. Hannu na sauka kamar guga, yana hawa kamar guga, baki na biye:

Ina injinmu? Yana hanya.
Wace hanya? Ta bakin manya.
Albasa ta sunkuya,
Guga ya cinye kafaɗa,
Yana hanya, yana hanya.

Kullum da ita yake ɗumama hannu. Matan unguwa suka ɗauke ta ta kan katanga suna daka da ita. Ni kaina, astagfirullah, na kama bakina yana yin ta a hanyar masallaci. Sai dai duk ranar da ya ce bari ya mayar da Garkuwa da Haske a gurbinta, hannu ya ƙi.

Ranar biki aka kafa rumfa, aka jera motocin da man da suka sha zai shayar da fadamarmu har kaka. Aka yaye ƙyalle, muka tafa wa allo. Allo kam ya yi kyau, injin da ke jiki har da ruwa yana feshi.

Aka tsayar da Nababa gaban lasifika. Ya kaɗa, ya ce "Garkuwar," hannu ya mutu. Ya sake, baki ya mutu. Gumi ya wanke masa fuska. Abdulrashid ya matso yana huci ya ce, "A tare, malam, a tare! Ko ka manta da fagenka?"

Nababa ya dubi fadama, ya rufe ido. A duniya waƙa ɗaya ce hannunsa da bakinsa suka yarda su yi tare. Ya sake ta.

Mata suka amsa daga baya kamar an shirya. Kiɗa ya yi daɗi. Mai Girma, wanda tunda yake bai taɓa sauraron abin da talaka ke faɗa ba, ya ji jama'a sun ɗauka, ya ɗauka yabo ne. Ya miƙe, ya tattara babbar riga, ya shigo fili yana rangaji, yana yi wa Nababa liƙi a goshi. Har ya ɗaga hannu yana amsawa da mu: "Yana hanya, yana hanya!" Abdulrashid na jan hannun rigarsa, Mai Girma yana ture shi. Samari kuwa duk sun ɗaga wayoyi.

Kafin motocin su isa Ungogo, rawar Mai Girma ta riga su shiga birni. A can ne aka samu mai ƙarfin halin da ya zaunar da shi ya fassara masa Hausa da Hausa.

Abin da roƙo bai yi ba, kunya ta yi. Aka shiga neman inji, sai ga shi a lambun gwaibar Abdulrashid, yana ta aiki tun bara. Ashe bai yi ƙarya ba, hanyar ce ta bi ta gonarsa. Aka ɗauko shi aka dire mana a fadama ba rumfa ba jawabi. Gefen albasar Nababa da ya riga ya ƙone ya tafi, amma sauran ya ɗago kai, kuma Hure ta ce za su ga damina.

Ga abin da Abdulrashid ya rasa: inji, jakar da yake riƙewa, kujerar gaban mota, da gwaibar da yanzu ita ke sunkuye. Sunansa ma ya tafi, don ko a wurin ɗaurin aure ya shigo sai ka ji an ce, "Ku matsa wa Yana Hanya." Mai Girma kuwa ya rasa rawa. An ce yanzu ko a bikin 'yarsa aka fara kiɗa, sai ya sa a faɗa masa kalmomin tukuna.

Injin dai an kawo shi tankinsa a bushe, shi ya sa kuka gan ni a layi da jarka. Da na kai gaba bayan azahar, mai gidan man ya rataye tiyo ya ce ya ƙare. Na ce yaushe tanka za ta zo? Ya buɗe baki zai amsa, na ce, "Riƙe abinka, ɗana. Bari in je in kira Nababa ya zo da jitarsa."