Ranar da Kwamfuta Ta Zagi Darakta

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na cire hulata a gaban manyan baƙi ba, kuma ba don ladabi na cire ta ba. Har yau in na tuna sai in kai hannu in shafa kaina.

A lokacin Birnin Kebbi tana cikin Jihar Sakkwato. Ina aiki a wani ofishin aikin gona, inda aka kawo mana kwamfuta guda ɗaya tak, aka ware mata ɗaki, aka saya mata mayafi. Duk mai shiga sai ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Ni aka damƙa wa ita, saboda na yi ɗan kwas a Kaduna, don haka nake tafiya ina ɗaga kafaɗa kamar ni na ƙera ta. Gaskiyar magana kuwa, ɗaukar gwaji aka yi mini, ba a tabbatar da ni ba. An ce in rubuta furogiram da za a riƙa shigar da sunayen manoman shinkafa na fadamar Ambursa da irin da kowa ya shuka, sannan Darakta zai zo daga Sakkwato ya gani da idonsa. In abin ya yi, in zauna. In bai yi ba, a ɗauke kwamfutar a mayar hedikwata, ni kuma in koma gida in ci gaba da zaman jiran aiki a gindin darbejiya.

Sai na faɗi wani abu tukuna, don ba za a gane labarin ba sai da shi. Tun ina saurayi sanƙo ya kama ni, kuma ba ɗan na gaban goshi ba, irin wanda ke share tsakar kai tas. A ofishin nan babu wanda ya taɓa ganin kaina. Ko alwala zan yi, sai na juya wa mutane baya in yi shafar kai da sauri in mayar da hula. (Na sha mai iri-iri da aka ce yana tsirar da gashi. Abin da ya ƙaru da ni ƙyalli ne kawai.) 'Yan gidanmu kaɗai suka sani, cikinsu har da taubashina Nafi'u, wanda bai taɓa kirana da sunan yanka ba tun da abin ya fara.

Nafi'u ɗan kawuna ne, tare muka yi kwas ɗin, shi aka tura shi reshen ofishinmu na Argungu, inda shi ma yake da tasa kwamfutar. Ya fi ni kai, amma ko za a yanka ni ba zan faɗa a gabansa ba. A duk yankin ban san wani da zan tambaya ba in aiki ya cije, sai shi, shi ma sai ni. Yadda muke yi shi ne, in kwafe furogiram ɗin a faifan disket, in naɗe a takarda, in kai tasha in ba wani direba, Ɗanjuma, da ke zirga-zirga tsakanin garuruwan biyu. Kullum sai na roƙe shi kada ya ajiye a rana, kada kuma ya kusantar da shi da lasifikar rediyonsa. Nafi'u ya duba, ya gyara, ya maido.

Muna da wata al'ada. A harshen BASIC da muke rubutu da shi, duk layin da aka fara da REM kwamfuta ba ta kula shi, tsallake shi take yi, na mai rubutu ne kawai. To a nan muke zuba tsiyarmu ta taubasai. Ya rubuta mini cewa kaina zai iya haska ɗaki in an ɗauke wuta, ni kuma in rubuta masa cewa warin kifin Argungu ya bi faifan har Birnin Kebbi. Ba mai gani sai mu.

Ana saura kwanaki kaɗan Darakta ya zo, na gano masifa. In aka zo wurin rubuta sunan manomi, mutum ya danna babban maɓallin nan na Enta bai rubuta komai ba, sai furogiram ɗin ya sandare. Ba gaba, ba baya. Sai an kashe injin an sake kunnawa, kuma duk abin da aka shigar ya tafi. Na bi layukan nan sama da ƙasa har idona ya yi ja, ban ga inda ɓarnar take ba. Abinci ya daina shiga. Ina tafiya gida unguwar Badariya ina magana ni kaɗai a kan keke. Da na ga ba sarki sai Allah, na haɗiye girman kaina na aika wa Nafi'u.

Faifan bai dawo ba sai da safiyar ranar da za a zo. Ina tsaye a tasha kamar wanda matarsa ke naƙuda, sai ga Ɗanjuma ya miƙo mini ta taga.

"Ga saƙonka, Malam. Nafi'u ya ce in hwaɗa maka, ka jarraba abin ga kahin kowa shi gani."

"Ya ce ya gyaru?"

"Ni dai dariya nig ga shina yi."

Wannan dariyar ya kamata ta tsayar da ni, amma ba ta tsayar ba. Na koma ofis, na kwafe, na shigar da sunaye biyu-uku, komai lafiya. Saura in danna Enta a kan wurin da babu komai. Na ɗora yatsa a kan maɓallin, na ɗauke. Na sake ɗorawa, na sake ɗaukewa. Tsoro nake ji, wallahi. Na ce a raina, in na danna ya sandare, ba ni da sauran dabara, gara in zauna da ɗan fatan da ya rage mini. Na kuma lallashi kaina da cewa ni zan zauna a kujerar, ni zan riƙa dannawa, wa zai taɓa barin wurin suna fayau?

Shugaban ofishinmu, Alhaji Umaru, ya leƙo. Ya san da matsalar, don ya taɓa ganina na dafe kai a gabanta.

"Yaro, abin ga ya gyaru?"

"Ya gyaru, ranka shi daɗe. Ni nig gyara shi da kaina."

(Ban san abin da ya sa na ƙara wannan "da kaina" ba. Ba wanda ya tambaye ni.)

Wajen azahar Darakta ya iso da mutanensa. Dattijo ne dogo, ba ya yawan magana, irin waɗanda in sun yi shiru sai ka fara tuno laifukanka. Aka cika ɗakin, akawuna suka tsaya a taga suna leƙe. An ɗauke wuta, janareto kuma ba ya iya ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki, zafi ya taso. Darakta ya cire hularsa ya ajiye a kan tebur, ya share gumi. Sai na ga ashe ɗan ƙungiyarmu ne. Kansa fes, babu ko sili. Har na ji wata 'yar ƙauna ta kama ni.

Na fara nuni. Na shigar da suna, na nemo shi, ya fito. Aka yi ta gyaɗa kai. Ina shirin sauke ajiyar zuciya sai Alhaji Umaru, cikin neman burgewa, ya ce ai ko Darakta ma zai iya taɓawa da hannunsa. Na tashi daga kujerar kamar wanda za a kai wa alƙali. Darakta ya zauna, ya gyara tabarau, ya dubi maɓallan nan ɗaya bayan ɗaya.

"Wanga babban, mi shika yi?"

Kafin in buɗe baki ya danna.

Na rufe ido ina jiran ta sandare. Da na ji shirun ya yi yawa sai na buɗe. Ba ta sandare ba. Da ma ta sandare! Ga rubutu nan kore shar, da manyan baƙaƙe, a tsakiyar allon:

KAI MAI SANKO, KANKA BABU GASHI, NAN MA KA BARI BABU KOMI? RUBUTA SUNA!

Nafi'u bai sa tsiyarsa a layin REM ba. A cikin saƙon gargaɗin ya sa ta, yana jiran in jarraba in gani in goge.

Darakta ya karanta a hankali, leɓunansa suna motsi. Ya sake karantawa. Hannunsa ya tafi kan hularsa, amma bai ɗauka ba. Alhaji Umaru ya yi salati can ƙasa-ƙasa. Waɗanda ke taga suka ɓace ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa gumi yana bin bayana har cikin wando. Na hango kaina a gindin darbejiya, na hango mahaifiyata tana tambayata me ya faru.

Darakta ya juyo, bai ɗaga murya ba.

"Ni anka shirya ma wanga?"

Na yi tunanin in ce injin ne ya haukace. Na yi tunanin in faɗi in suma. Amma na san ko na rantse da me, mutumin da ya cire hula yanzun nan ba zai yarda cewa ba da shi ake ba. Shaida guda ce ta rage mini, tana kuma ƙarƙashin hulata. Na durƙusa, na sa hannu biyu na cire ta, na sunkuyar masa da kai.

"Ranka shi daɗe, wallahi da ni aka."

Ina jin idanun ofishin gaba ɗaya a tsakar kaina. Darakta ya leƙo ta saman tabarau, ya daɗe yana dubawa.

"Subhanallahi. Kai da ƙuruciyarka? Ai naka ya hi nawa hili."

Wani a baya ya kasa riƙewa, ya fashe. Daga nan kowa ya saki, har waɗanda suka gudu daga taga suka dawo. Darakta kaɗai bai yi dariya ba, gefen bakinsa ne kawai ya motsa. Ya tambayi wanda ya rubuta, na ce taubashina ne na reshen Argungu, shi ya gyara mini matsalar da ta gagare ni. Alhaji Umaru ya zuba mini ido.

"Ba kai kac ce kai kag gyara da kanka ba?"

Na ci gaba da kallon siminti, hula a hannu.

Darakta ya sake danna maɓallin, zagin ya sake fitowa. Ya sa yatsa ɗaya ya rubuta suna, furogiram ɗin ya karɓa ya wuce. Ya ce to ga shi dai abin yana aiki, kuma mai neman taimakon ɗan'uwansa bai yi laifi ba, ƙaryar ce ba ta da kyau. Kwamfuta ta zauna, ni ma in zauna. Da zai fita ya sa hularsa, ya tsaya yana neman takalminsa a bakin ƙofa.

"Ka hwaɗa ma taubashin naka Daraktan ma mai sanƙo na. Shi yi hattara."

Ranar Asabar na shiga motar Ɗanjuma zuwa Argungu da niyyar faɗa. Nafi'u ya saurare ni har ƙarshe, ya yi dariya har ya kwanta a tabarma, sannan ya ce, "Ba na aiko a ce ka jarraba ba?"

Aikin dai na samu, amma sunana ya tafi. Har na yi ritaya, masinja ma Oga Mai Sanƙo yake ce mini. Tun daga ranar, duk abin da aka gyara mini, maɓallin da na fi tsoro shi nake fara dannawa, ni kaɗai a ɗaki, ƙofa a rufe. Na gane in ban danna ba, akwai wanda zai danna mini, kuma ba lalle in sake dacewa da mai kai irin nawa ba.