Yajin Aikin Zainu a Shagon Hajiya Mahasin

"Ni fa dokokin Masar kaf a nan suke," in ji Zainulabideen, yana buga goshinsa da yatsa. "Da ba don ni baƙo ba ne, da tuni alƙalan Alƙahira sun koma sayar da shayi."

Ku ji min ja'irin yaro. Ba mugu ba ne, Allah ya sani, in ya gaishe ka har ƙasa yake kaiwa. Bakin ne dai ya yi masa yawa. Karatun addini aka turo shi daga Zariya, ya yi ta maimaita aji har malamai suka fara gaishe shi kamar abokin aikinsu. Tallafin karatu ya yanke, sai Hajiya Mahasin, Bahaushiyar Sudan mai shagon tuwo a unguwar Madinat Nasr ta Alƙahira, ta ɗauke shi aiki. Da albashin nan yake biyan kuɗin gadonsa a gidan haya, tuwo kuwa kyauta, malmala sai ya ture. Aikinsa shi ne zama a kujerar bakin ƙofa yana ce wa masu shiga "Bismilla". Shi ya sa wa kansa Manaja.

A shekarar da ta biyo bayan juyin juya hali, kowa a garin yajin aiki yake yi. Wata rana a cikin ƙaramar bas Zainu ya ji rediyo na cewa doka ta hana bambanta albashi saboda jinsi ko asali. Ya sauko yana huci.

"Hadi, an cuce ni!" ya ce wa abokin ɗakinsa. "Amna mai tuƙa tuwo 'yar ƙasa ce, ni baƙo. Rantsuwa zan yi ta fi ni albashi."

"Ka tambaye ta, Barista?"

"Lauya ba ya tambaya, ganewa yake yi."

Amnar nan Bamisiriya ce, Hajiya ta koya mata tuƙi har damtsenta ya zama kamar na ɗan dambe. Tun hantsi tana gaban tukunya, gumi har cikin ido.

Washegari Zainu, Lauyan Malmala, ya shiga yajin aiki. Ya zo ya zauna a kujerarsa, ya harɗe hannu, ya ɗaure fuska. Azahar ta yi, ya ci tuwonsa, don a cewarsa yajin aiki ne ba yajin ci ba. Haka aka yi ta yi har mako ya juyo, babu wanda ya lura. Da abin ya ishe shi ya ce, "Hajiya, wai ba ki ga ina yaji ba?"

"Yaji? Yana kan tebur, ɗana, ɗebi."

"Yajin aiki, Hajiya! Tun Asabar ban taɓa komai ba."

Hajiya ta dube shi sama da ƙasa. "Ma'alish, yi haƙuri. Da ka riƙa tsayuwa, da mun ga bambanci."

Mai hankali a nan zai haƙura. Shi kuwa ya ari kwat ɗin Hadi, hannun ya tsaya masa a gwiwar hannu, ya nufi ofishin ƙwadago. Ya yi ta zuba Larabcin littafi irin na huɗubar Juma'a, har wani jami'i mai gashin baki ya gaji ya ce, "Yalla, mu je in gani."

Zainu ya gayyato ɗalibai, shago ya cika. Ya hau kan kujerarsa. "Yau za ku ga yadda ake ƙwato haƙƙi!"

Jami'i ya duba takardun Hajiya, ya ce tamam, komai daidai. Ya tambayi Amna albashinta, ta faɗa. Ya tambayi Zainu, ya faɗa da ƙarfi don kowa ya ji zalunci. Ashe nasa ya kusa ninka na Amna.

Amna ta ajiye muciya a hankali. "Nawa ka ce, ya ustaz?"

"Hajiya, me ya sa haka?" in ji jami'i.

"To ai namiji ne, ranka ya daɗe, kuma ɗan Hausa ne a ƙasar mutane. Tausayinsa na ji."

"Jinsi da asali ke nan, duka biyun da doka ta hana. Sai a gyara wa matar nan." Ya juyo ya kama hannun Zainu yana girgizawa. "Ban taɓa ganin wanda ya kai ƙarar kansa ba, Allah ya yi maka albarka. Saura abu ɗaya, kawo takardar izinin aikinka in rubuta."

Jama'a, ɗalibi izinin zama na karatu gare shi, ba na aiki ba. Duk ɗan Najeriyar da ke shagon ya san haka, shi ya sa wasu suka fara laluben ƙofa. Mai dokokin Masar a goshi ne kaɗai bai tuna ba sai yanzu. Ya hango filin jirgi, ya hango mahaifinsa a Zariya riƙe da sanda.

"Aiki?" Muryarsa ta koma ta ɗan akuya. "Wane aiki, ya basha? Ni ba na aiki a nan. Wallahi ban taɓa yi ba. Cin tuwo kawai nake zuwa."

Jami'i ya ɗaga gira ya dubi Amna.

"Ni shaida ce," ta ce. "Tunda na san shi, yau ya fara faɗin gaskiya."

"Khalas, magana ta ƙare," in ji jami'i. Ya ce albashin wanda ba ya aiki a mayar wa mai aiki, ya ci malmala guda da miyar kuɓewa, ya tafi yana lasar yatsa.

Zainu ya sauko daga kujera, kwat ya yage a hammata. Yunwa kuwa ba ruwanta da shari'a. Ya matsa kusa da tukunya kamar kullum, ya miƙa kwano. Amna ta goge hannu a zaninta, ta yi masa murmushin da take yi wa baƙi.

"Marhaba da mai ciniki. Na nawa za a zubo?"